Ciwon jijiyar lemu da inabi: tambayoyin da kuke ta yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum ƴan uwa masu garka. Tun ranar da na yi zancen ciwon da ya cinye garaken lemun Amurka a fadarmu nan Damagaram mutane ba su bar ni na huta ba, wani ya tare ni a kasuwar Dole, wani ya biyo ni har garka can hanyar Mirya da ganye cikin leda, tambayoyin kuma kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in tattara su waje guda in amsa iya abin da na karanta a binciken masana da abin da idona ya gani cikin itatuwan da Baba ya bar mana, Allah ya jiƙan shi.

Wai Malam itace ma jijiya gare shi?

Ƙwarai kuwa, hanya biyu gare shi. Akwai hanyar ruwa, tana cikin katakon, ita ke jawo ruwa da gishirin ƙasa daga saiwa zuwa ganye. Akwai kuma hanyar abinci, ita tana nan ƙarƙashin ɓawo siririya, ita ke sauko da zaƙin da ganye ya dafa da rana ta kai wa saiwa da ƴaƴa. Duk wanda akuya ta taɓa ɓare mishi ɓawon itace ta zagaye shi ya san wannan ko bai san sunan ba, itacen zai yi kwanaki da ganyen shi kore shar kamar ba komai sannan ya bushe, saboda an yanke wa saiwa abinci. To ciwon jijiya shi ne ƙwayar cuta ta shiga ɗaya daga cikin hanyoyin nan ta zauna ta hayayyafa ta toshe. In hanyar ruwa ce sai ka ga itace yana mutuwar ƙishirwa alhali gindin shi jiƙe yake, in hanyar abinci ce sai saiwa ta rame tun kafin ka ga komai a sama.

To me ya sa ba za a yi mishi feshi a huta ba?

Saboda feshi a bayan ganye yake tsayawa, ita kuma cutar tana can ciki. Maganin da kake saye a kasuwa yana iya kashe ƙwaron da ke ɗauko ta, amma itacen da ya riga ya kamu ya kamu.

Wanne ne ya fi muni a lemu?

Wanda ake kira Hwanglongbin, a taƙaice HLB, sunan daga ƙasar Sin yake don a kudancin can aka daɗe ana fama da shi, Turawa kuma na ce mishi girinin saboda ɗan lemun ba ya nuna sosai, ƙasan shi ya tsaya kore. Ni dai shawarar lemu nake ce mishi in ina yi wa tsofaffi bayani don nan take suke ganewa. Bakteriya ce mai zama cikin hanyar abinci, kuma wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke yaɗa ta, silid, bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, in ya zauna kan ganye sai ya tokare kai ƙasa ya ɗaga gindi sama, kuma sabon toho yake bi, can yake ƙwai can ƴaƴan shi ke tsotso. Hanya ta biyu ita ce aure, wato girefi, in ka ɗebo ido daga itacen da ke da ciwon ka aura wa wani to ka dasa ciwo da hannunka, wannan kuwa wani masani ɗan Sin mai suna Lin Kongxiang ne ya tabbatar da shi tun 1956.

An gan shi a jihar Sawo Polo ta Birazil a 2004, a Fulorida ta Amurka a 2005, a Kalifoniya a 2012. Fulorida kam ku ji, a kakar 2003 zuwa 2004 sun tsinki akwati miliyan 242 na lemun zaƙi, kowane akwati wajen kilo 41, a kakar 2022 zuwa 2023 kuwa abin ya dawo wajen miliyan 16, gaskiya guguwa ma ta yi nata ɓarnar a shekarun nan kuma an sayar da garake da yawa an yi gidaje, amma ciwon nan shi ne babban dalili. Mutanen da ke da jami'o'i da kuɗi da jiragen feshi ke nan fa. Abin da ya sa binciken ke tafiyar hawainiya shi ne har yau an kasa raino bakteriyar ita kaɗai cikin kwano a labo yadda ake yi wa sauran, cikin itace da cikin ƙwaro kawai take yarda ta rayu, to abin da ba ka iya rainon shi ba gwada mishi magani wahala ne.

Ganyen lemuna ya yi ɗorawa, shi ne ke nan?

Nan ne nake so mu natsu don Allah, don na ga mutum ya ɗauko gatari saboda ya ji labari. Ganyayyakin da aka yi ta kawo min yawancinsu yunwa ce ko ruwa. Ƙasarmu ta kwari, irin ta wajen Gidimuni da wasu wurare cikin Korama, akwai kanwa cikinta, kuma inda kanwa ta yi yawa lemu ba ya iya jan sinadarin ƙarfe da zinki ko da suna nan cikin ƙasar, sai ka ga sabon ganye ya yi fari-fari jijiyoyin shi sun tsaya kore kamar raga. In kuma tsofaffin ganyen ne suka koɗe gaba ɗaya bai ɗaya to taki yake nema.

Ga yadda nake yi. Ka tsinko ganye ka naɗe shi biyu a kan jijiyar tsakiya ka ɗaga shi wajen haske. In zanen ɗorawar na hannun dama ya yi daidai da na hagu kamar an buga hatimi, yawanci yunwa ce. In kuwa dabbare-dabbare ne, nan kore nan ɗorawa, gefe ɗaya bai yi kama da ɗayan ba, to wannan ita ce alamar da masana ke nema a HLB. Sai ka yanka ɗan lemun tsaye, mai ciwon ƙarami ne, karkatacce, gefe ɗaya ya fi ɗaya, ƙwallayen ciki sun yi baƙi sun motse, ruwan ɗaci-ɗaci, kuma yana zubewa tun bai kai ba. Sau da yawa reshe ɗaya ne ke fara ɗorawa sauran itacen na nan lafiya.

Sannan ka durƙusa ka duba gindi, wannan mutane ba su yi. Ka share ƙasar da ta rufe shi, in ka ga ƙaro yana tsatsowa, ɓawo ya yi laushi ya yi duhu yana ɓarewa, to ciwon ƙaro ne, wani naman gwari mai son danshi ke kawo shi, kuma mu muke jawo shi da yadda muke sakin ruwan injin ya kwanta ya rungume gindin itace kullum. Shi yana da dabara, ka yi kwano biyu, ƙaramin zobe na ƙasa kusa da gindi da zai hana ruwa taɓa shi sai babban zobe a waje inda ruwan zai kwanta, ka kankare wurin da ya ruɓe har ka tarar da lafiyayyen ɓawo ka shafa maganin da ke da tagulla, kuma in za ka dasa kar ka binne gaɓar auren, ta tsaya sama da ƙasa kamar taƙin hannu guda ko fiye.

Ai zafin Damagaram ba abin da zai bari, ko ba haka ba?

Wani Alhaji ne ya yi min wannan tambayar yana dariya, na ce mishi ranka ya daɗe rabin maganarka gaskiya ce. Akwai irin ciwon na Afirka wanda aka sani a Afirka ta Kudu tun wajen 1929, shi da ƙwaron da ke ɗaukar shi ba su son zafi, a wurare masu tudu da sanyi suke ɓarna, in zafi ya wuce digiri 30 ya daɗe sai alamun su ja baya. Amma na Asiya ya fi shi juriya nesa ba kusa ba, shi ne ya cinye Fulorida, kuma ya riga ya shigo nahiyarmu, an tabbatar da bakteriyar a Habasha a 2010, ƙwaron kuma an gan shi a Tanzaniya da Kenya, an ba da rahoton shi a jihar Oyo ta Najeriya a 2020, sai Gana da Benin a 2023. Ganin ƙwaro ba shi ne ganin ciwo ba, amma inda mai ɗauka ya sauka kaya ake jira. Kuma ku tuna garka ba fili ba ce, ƙarƙashin mangwaro da dabino inda ake ban ruwa kullum akwai inuwa da laima da sabon toho ko a watan Afrilu, ga kuma watannin ɗari. Mu da Najeriya kuwa mota nawa ke ƙetarowa ta Magarya da Matamai kowace rana, wasu da dashe cikin leda a kan kaya.

Na ji an ce yanzu allura ake yi wa itace?

Gaskiya ne. Tun ƙarshen 2022 aka ba manoman Fulorida izinin huda gindin lemu su tura mishi oksitetirasikilin, dangin maganin nan da muka sani a wajen dabbobi, kuma da yawa sun ga ƴaƴa sun rage zubewa itace ya ɗan farfaɗo. Ba sabon abu ba ne ma, Afirka ta Kudu ta gwada tetirasikilin a shekarun 1970 ta bari. Rage ƙwayar yake yi ba ya ƙarar da ita, sai an maimaita, hujin kan shi rauni ne a jikin itace, kuma doka ta sa a bar wajen wata shida tsakanin allura da tsinka. Don Allah kar wani ya je ya sayo na shanu a kasuwa ya huda lemun shi, nasu haɗi ne na musamman da awo, kai za ka ƙona itacen ne kawai kuma ka ciyar da ƴaƴan mutane magani cikin lemu.

Shi ke nan sai dai a tumɓuke?

In labo ya tabbatar HLB ne, eh, kuma na san maganar ba daɗi, itacen da ka yi shekara 10 kana shayarwa. Amma ku dubi bambancin wurare biyu. Manyan manoman Sawo Polo suka ɗauki abu uku tare, dashe daga gidan ragar da ƙwaro ba ya shiga kawai, tumɓuke mai ciwo da wuri, da yaƙin ƙwaro a yanki gaba ɗaya a lokaci guda, sa'arsu ɗaya tun 2003 doka ta tilasta raino cikin raga saboda wani ciwon daban. A Fulorida da yawa suka ga asara ce su sare itacen da ke ba da ƴaƴa, suka koma ƙara mishi taki ta ganye, cikin ƴan shekaru kusan duk garaken suka kamu. Birazil ma ba ta tsira ba, ƙididdigar da Fundecitrus, cibiyar binciken manoman lemunsu, ta yi a 2023 ta nuna kashi 38 cikin 100 na itatuwan yankin na da alamun, amma har yanzu su ne kan gaba a duniya wajen ruwan lemu. Sare reshen da ya yi ɗorawa kawai ba ya yi, don kafin ido ya gani ƙwayar ta riga ta sauka saiwa. Kuma aikin mutum ɗaya ba ne, in kai ka tumɓuke maƙwabcinka ya bar nashi to ƙwaro bai san shinge ba.

Mu da ba mu da garaken inabi, ina ruwanmu da ciwon shi?

Ni ma kuranga biyu gare ni a kan rumfa, na san da yawa haka ne, amma ruwanmu na ciki don bakteriyar da ke kashe inabi, Zailela, a rubuce Xylella, ba inabi kaɗai take ci ba, ɗaruruwan tsirrai take kamawa. Ita a hanyar ruwa take zama. Wani masani Newton Pierce ne ya yi bayanin ciwon a Kalifoniya a 1892 shi ya sa ake kiran shi da sunan shi, ganye ya ƙone daga baki-baki ya faɗi ya bar tsinken shi manne a reshe kamar ashana, ƴaƴan su bushe a kan nono, kurangar ta mutu cikin shekara ɗaya zuwa biyar. Wani reshen danginta ya ɓulla a lemun Birazil a 1987, ƴaƴan su yi ƙanana su yi tauri kamar dutse, har ta kai masanan Birazil suka karance dukan ƙwayoyin halittarta a shekarar 2000, karo na farko ke nan da aka yi wa bakteriyar ciwon tsiro haka. A 2013 kuma aka gan ta a kudancin Italiya ta kashe miliyoyin zaitun, wasu sun yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Ita sanyi mai tsanani ne ke karya ta, wurare masu ɗumi kam gidanta ne.

Abin da ya fi burge ni a duk binciken nan shi ne aikin Andrew Walker na jami'ar Kalifoniya a Debis. Ya samo wani inabin daji da ciwon ba ya kayarwa, ƴaƴan shi ba su da daɗi, ya yi ta haɗa shi da inabin gida yana zaɓe yana sake haɗawa kusan shekara 20, sai a 2019 aka fitar da iri biyar masu juriya. Ba wani siddabaru, haɗin fure ne da haƙuri, irin yadda kakanninmu suka yi ta ware zangarniyar gero mai kyau su ajiye iri. A lemu ma hanyar da ake bi ke nan, ana gwada dangin lemun daji na Ostareliya da sabbin gindin aure, sai dai lemu ya fi jinkirin haihuwa shi ya sa ake ta jira.

Kurangata na yi mata aski sai reshe ya mutu, na tsaga na ga cikin ya yi baƙi, mene ne?

Wannan ya yi kama da cututtukan katako, irin su Eska, naman gwari ne da ke shiga ta raunin aski ya yi ta cin ciki shekara da shekaru, wani lokaci ganye ya yi zane-zane kamar fatar damisa, wani lokaci kuranga ta bushe cikin kwana biyu a tsakiyar zafi. A Faransa da wani magani mai guba na arsenik suke yi mishi, aka hana shi a 2001 saboda lafiyar ma'aikata, tun daga nan bincike ya koma kan yadda ake askin. Kar ka yi babban rauni, kar ka yanke dab da jiki ka bar ɗan dungu, kar ka yi ranar ruwa ko raɓa, ka rufe raunin, ka ƙone abin da ka sare kar ka jibge shi gindin rumfa. Suna kuma shafa wani naman gwari mai amfani, Tirikodama, ya riga mugun kama wuri, masu raino kuma suna tsoma sandunan dashe cikin ruwa mai zafin digiri 50 na minti 30 zuwa 45, amma wannan sai da ma'aunin zafi, in ka yi da ka za ka dafa su.

Mai girefi ya ce min gindin da aka aura a kai ya fi saman muhimmanci, haka ne?

Ya yi gaskiya, ka riƙe shi. Akwai wani bairos mai suna Tiristeza, ma'anar kalmar baƙin ciki, darɓa ke yaɗa shi, ya kashe miliyoyin itatuwa a Ajantina da Birazil a shekarun 1930 da 1940 sannan Sifen daga baya, kuma waɗanda suka mutu su ne waɗanda aka aura a kan lemu mai ɗaci, bigaradiye, daidai gaɓar auren hanyar abinci ke mutuwa. Da aka canza gindi zuwa irin su Bolkameriyana da Kiliyofatara da Karizo sai noman ya dawo. Lemun tsaminmu ƙanana yana cikin masu saurin nuna shi, in ka ɓare ɓawon reshe ka ga katakon da ramuka-ramuka dogaye to abin a duba ne.

Da gaske ne har karnuka ake sawa?

Da gaske. Masu binciken ma'aikatar noman Amurka sun horar da karnuka suna shinshino HLB tun makonnin farko, kafin ido ya gani kafin ma gwajin labo ya kama, an wallafa sakamakon a 2020. Akwai kuma ɗan ƙaramin zanzaro, Tamariksiya, da ke ƙwai a jikin ƴaƴan silid ya kashe su, ya yi aiki sosai a tsibirin Reyuniyon a shekarun 1970. Wasu kuma sun koma noman lemu cikin gidan raga gaba ɗaya, ko su sa wa kowane ƙaramin dashe jakar raga shekara biyu zuwa uku na farko, wannan na ƙarshen kam ko mu tela zai iya ɗinka mana.

To ina zan sayi dashe?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min, don allura da karnuka da labo duk sun fi ƙarfin aljihunmu amma wannan tana hannunmu. Shekarun baya na sayi dashe 20 na tanjarin daga bayan wata mota da ta zo daga kudu, ganyen su shar, farashin rabin na gari, mai su ya rantse min masu aure ne na gidan gwamnati, ban tambaye shi komai ba na biya jikkunana na loda a amalanke. Da na zo dasawa na yage leda sai na ga saiwar ta nannaɗe kamar gammo, wasu gindin su da ɗigon ƙaro tun a lokacin, na dai dasa don na riga na biya. Shekara uku ina ja musu ruwa ina zuba taki, bakwai suka rage, cikin bakwai ɗin ma uku ba aure gare su ba sai ƙaya, mai motar kuwa ban sake ganin shi ba. Na gode Allah da abin ya tsaya a nan, don da wani mugun abu ne cikin ledojin da ni ne na kawo wa duk maƙwabtana.

Yanzu ba na saye sai wurin mai raino da na san inda yake zaune, in je da ƙafata in ce Malam nuna min uwar da ka ɗebi ido, in zagaya ta in duba ganye da ƴaƴa, in tambayi wane gindi ne, in zare ɗaya daga leda in ga saiwa, in juya sabon toho in duba ko akwai ƙwari da wani farin abu kamar zare da ƴaƴan silid ke fitarwa. In ya ɓata rai da tambayoyin sai in yi mishi sallama. Wanda na sayo kuma ba na kai shi cikin manya nan take, ina ajiye shi gefe wata ɗaya ko biyu ina kallo. Kuma alhazai da ƴan kasuwa masu tafiya, don girman Allah a daina ɗauko reshen lemu ko furen ado cikin jaka don an ga ya yi kyau a ƙasar mutane. Almakashi da wuƙar aure kuma a riƙa tsoma su cikin ruwan jabel tsakanin itace da itace, ba su ne ke yaɗa HLB ba amma akwai wasu cututtukan lemu da ke bin wuƙa.

In na ga alamar da ta tayar min da hankali wa zan kai wa?

Ka fara da malamin gona na garinku ko ma'aikatar kare tsirrai ta jaha, akwai kuma ƴan majalisar manoma ta CRA nan Damagaram, su ke da hanyar kaiwa ga masu binciken INRAN, wato cibiyar binciken noma ta ƙasa, da malaman jami'a, don tabbatar da HLB ko Zailela sai gwajin labo da ake kira PCR, ido ba ya yanke hukunci. Ka ɗauki hoton itacen duka da na ganyen gaba da baya da ɗan lemun a yanke, ka ɗaura wa itacen tsumma don kar ka ɓata shi, ka tsinko ganye kamar 10 zuwa 20 da tsinkensu daga ɓangarori daban-daban ka kakkaɓe ƙwari ka sa cikin leda ka ɗaure, kar ka jiƙa su kar ka bar su a rana, ka kai ranar ko washegari. Kafin amsa ta dawo kuma kar ka ba kowa ido daga wannan itacen ko da ɗan uwanka ne ya roƙa.